'Yar Amurka ko 'Yar Turai: Zaɓen Tsohuwar Porsche 911 Bisa Dokokin Hayaƙi

Wani ɗan'uwana da ke zaune a Kalifoniya ya turo mini hotunan motoci biyu yana neman shawarar wadda zai saya. Dukansu Porsche 911 Carrera ne ƙirar 1985, kowace da injin lita 3.2 a bayanta, kuma kuɗin da aka sa musu bai yi nisa da juna ba. Ta farko tun tana sabuwa aka sayar da ita a Amurka, ƙarfinta doki 207 a ma'aunin Jamus. Ta biyu kuwa tana can kudancin Jamus, ba ta taɓa ƙetare teku ba, ƙarfinta doki 231. Zuciyarsa ta riga ta kwanta da ta biyun, domin ita ce masu sha'awar waɗannan motoci suke yi wa kallon ta asali, wadda dokar Amurka ba ta shaƙe mata numfashi ba. Abin da na fara ce masa shi ne ya ajiye maganar dawakai tukuna, ya sa a ɗaga murfin gaba na kowace mota a ɗauko masa hoton 'yar takardar da kamfani ya manna a cikinsa, sannan a haɗo da hoton lambar shasi da ta injin. Waɗannan lambobi su ne za su nuna ko motar za ta samu rajista ta hau titi a garin da yake zaune, ko kuwa za ta ƙare a gareji an lulluɓe ta da tamfol.

Asalin wannan rabuwa ya samo tushe ne daga hazon hayaƙin da ya addabi birnin Los Anjelis. Jihar Kalifoniya ta kafa hukumarta ta kula da tsabtar iska, wato CARB, a 1967 zamanin gwamna Ronald Reagan, kuma da yake ta riga gwamnatin tarayya fara wannan aiki, doka ta ba ta damar shimfiɗa ƙa'idojinta da suka fi na ƙasa tsauri. A 1970 majalisar Amurka ta yi wa dokar tsabtar iska gagarumin gyara, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato EPA, a watan Disamba na shekarar, daga ƙirar 1975 kuma akasarin motocin ƙasar suka fara zuwa da matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira katalis. Turai ba ta bi sahu da wuri ba, don sai da matakin farko na ƙa'idar hayaƙinta, Euro 1, ya fara aiki tsakanin 1992 da 1993 sannan katalis ya zama dole a kan sababbin motocin fetur a ƙasashen Tarayyar Turai. A tsawon shekarun nan, kamfanonin Jamus da Italiya da Ingila suna ƙera mota ɗaya da injuna iri biyu ko uku, kowane da kasuwar da aka nufa da shi. Mercedes ma haka ta yi: 380SL ɗin da ta kai Amurka daga 1981 ƙarfinta doki 155 ne, alhali ta Turai ta haura 200, kuma a takardar bayanan motar lamba 491 na nufin ta Amurka ce, 494 kuma ta Kalifoniya. Na zaɓi in tsaya a kan Porsche 911 ne saboda a jikinta ake iya bin sawun wannan tarihi shekara bayan shekara ba tare da ya ɓace wa mutum ba.

Abin da lambobin ke faɗa

'Yar takardar da ke manne a cikin murfin gaba, wadda ake samun kwafinta a littafin sabis na motar, tana ɗauke da jerin lambobin kayan da aka sa wa motar a masana'anta. Wadda ta fi muhimmanci a wannan magana ita ce mai farawa da harafin C, domin ita ke nuna ƙasar da aka shirya motar dominta. C00 ta Jamus ce, C02 ta Amurka, C03 ta Kalifoniya, C16 kuma ta Birtaniya mai sitiyari a dama. Lambar ba ado ba ce: ita ce ta tsayar da irin injin, da irin salansa, da fitilu, da faɗin bakin tankin mai.

Sai lambar shasi. Daga ƙirar 1981 ta koma mai gurbi 17, kuma a nan bambancin a fili yake. 'Yar Turai da sauran ƙasashe tana farawa da WP0ZZZ, inda haruffan Z uku suke cike gurbi kawai, ita kuwa 'yar Amurka tana amfani da waɗannan gurabe wajen bayyana irin jiki da injin, don haka za ka ga WP0AA ko WP0AB a kan mai rufaffen kai. Gurbi na goma shi ne shekarar ƙira: B ita ce 1981, E ita ce 1984, F ita ce 1985, har zuwa K ta 1989. Amma a kiyaye, ganin ZZZ ba ya tabbatar da cewa motar ba ta da katalis, domin a rabin ƙarshe na shekarun 1980 masu saye a Jamus suna iya zaɓen mai katalis, wasu ƙasashe irin su Suwizalan da Ostireliya kuma sun riga sun tilasta shi. Shi ya sa shaida ta uku, wato nau'in injin da aka buga a jikin ƙarfensa kusa da gindin fanka ta hannun dama, ta fi sauran ƙarfi. Wurin yakan cika da baƙin mai da ƙura, sai an goge da tsumma an haska tocila sannan lambar ta fito, kuma duk mai sayarwar da ya ƙi ɗaukar wannan hoto ya riga ya ba ka amsa.

Idan motar ta Amurka ce, akwai kuma sitikar hayaƙi a ɗakin injin, wadda ta jera kayan tsabtace hayaƙin da motar ta fito da su, da ma'aunin taimin, da bayanin ko ta cika ƙa'idar tarayya kaɗai ko har da ta Kalifoniya. Wannan sitika ita ce mai gwaji yake karantawa kafin ya taɓa komai. Daga waje ma ana iya gane 'yar Amurka da ƙananan fitilun gefe, da manyan robobin bamba ta baya, da tsayinta da ya ɗan ɗara na 'yar Turai, da matsattsen bakin tanki wanda aka yi don kada bakin famfon fetur mai dalma ya shiga. Sai dai duk waɗannan ana canja su cikin yini ɗaya, don haka ba a kafa hujja da su.

Injin da injin

Kafin a zo kan motocin da suka fi yawa a kasuwa, ya kamata a yi gargaɗi a kan masu injin lita 2.7 na 1975 zuwa 1977. A wancan lokaci Porsche ba ta sa wa 911 katalis ba, sai ta sa wa motocin Kalifoniya wasu tukwane biyu na ƙarfe a bakin mafitar hayaƙi, inda ake hura iska a sake ƙona abin da ya rage na mai. Hayaƙin ya ragu, amma zafin da tukwanen ke tarawa a ƙarƙashin injin da iska ce kaɗai ke sanyaya shi ya wuce kima, ga jikin injin na maganiziyam ne, ga fankar da aka rage wa fukafukai zuwa biyar. Sakamakon shi ne dogayen ƙarafa masu zare da ke ɗaure kan silinda suna zamewa daga mazauninsu, bawul suna lalacewa da wuri. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Duk wanda zai sayi ɗaya daga cikin waɗannan, tambayarsa ta farko ita ce ko an taɓa buɗe injin an gyara wannan lahani, kuma wane ne ya yi aikin.

911 SC, wadda aka ƙera daga 1978 zuwa 1983 da injin lita 3.0 na alminiyam, ta fara ne da doki 180 a ko'ina. 'Yar Turai ta wancan fari tana da nau'in injin 930/03, ta yawancin jihohin Amurka 930/04, ta Kalifoniya kuma 930/06. 'Yan Amurkan nan biyu suna da katalis da famfon iska, ta Kalifoniya ta ƙara da bawul ɗin EGR mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin injin don rage zafin ƙonewa. A 1980 hanyoyin suka rabu sosai. 'Yar Amurka ta samu sansar oksijin da katalis mai aiki uku, aka cire mata famfon iska, ta zama iri ɗaya a dukan jihohi, ƙarfinta ya tsaya a 180. 'Yar Turai kuwa ta hau 188 a wannan shekarar, daga 1981 kuma ta kai 204 da injin 930/10 wanda aka ƙara wa matsi zuwa 9.8, yayin da takwararta ta Amurka ke ɗauke da 930/16. A ganina, SC ɗin Amurka ta 1980 zuwa 1983 ta fi ta 1978 da 1979 sauƙin riƙewa ga mai zama inda ake gwaji, saboda kayan da ake nema a jikinta ba su da yawa, kuma famfon iska da bututansa su ne abin da aka fi cirewa a jefar tun shekaru aru-aru.

Yana da kyau a fahimci abin da sansar nan take yi, domin a nan ne bambancin ɗabi'ar motocin biyu yake. Katalis mai aiki uku yana ɗauke da sinadarai masu tsada, filatinam da rodiyam, kuma ba ya iya rage iskar kabon monoksaid da ɗanyen mai da iskar naitirojin oksaid a lokaci guda sai idan haɗin iska da fetur ya tsaya daidai kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai. Sansar tana shinshinar hayaƙi ta gaya wa na'urar mai ta ƙara ko ta rage. 'Yar Turai ta SC marar sansa kanikanci ne kaɗai ke tsayar da haɗinta, kuma yawanci ana barinta ta ɗan fi shan mai, abin da ke ba ta kuzari amma yake sa hayaƙinta ya fi wari.

Carrera 3.2 ta 1984 zuwa 1989 ita ce aka fi muhawara a kanta. Duka biyun suna da kwamfutar injin ta Bosch Motronic a ƙarƙashin kujerar hagu. 'Yar Turai, injin 930/20, matsinta 10.3 ne, ƙarfinta 231, kamfani ya ba ta gudun kilomita 245 a sa'a, kuma tana buƙatar fetur mai oktan 98. 'Yar Amurka, injin 930/21, matsinta 9.5, ƙarfinta 207, tana kuma gamsuwa da fetur marar dalma na yau da kullum. Daga ƙirar 1987, shekarar da sabuwar giyar G50 ta maye gurbin tsohuwar 915, injin mai katalis ya koma 930/25 da doki 217, sai tazarar ta ragu zuwa 14 kacal. Ba zan musa cewa 'yar Turai ta fi tashi idan allurar juyin injin ta yi sama ba, wanda ya tuƙa su biyun zai ji hakan. Amma bayan shekara kusan arba'in, lafiyar injin ta fi takardar kamfani tasiri, kuma 207 da aka kula da ita tana barin 231 da ta gaji a baya.

Inda dokar ta fi tsauri

Kuskuren da ɗan'uwana ya kusa yi shi ne wanda mutane da yawa suke yi: ya ji cewa mota mai shekara 25 tana shiga Amurka ba tare da matsala ba, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Gaskiya ne dokar 1988, wadda ta rufe ƙofar shigo da motocin Turai ta bayan fage da ta bunƙasa a tsakiyar shekarun 1980 lokacin da dala ke da ƙarfi, ta keɓe motocin da suka kai shekara 25 daga ƙa'idojin kariya na hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, wato NHTSA. EPA ma tana yafe wa motar da ta kai shekara 21, muddin tana nan yadda ta fito ba a sauya mata injin da wani daban ba. Da fom HS-7 da fom 3520-1 kwastam za su sake ta daga tashar jirgin ruwa. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba, domin shiga ƙasa daban, samun lambar jiha daban. Rajista aikin jiha ne, kuma Kalifoniya ba ta bin wannan rangwame na tarayya.

A Kalifoniya, motar da ba a ƙera ta don kasuwar Amurka ba, in dai ƙirar 1975 ce zuwa sama, ba ta samun rajista sai an gyara ta ta cika ƙa'idar hayaƙi, an kai ta ɗakin gwajin da CARB ta amince da shi, ta ci jarrabawar, an ba ta takardar shaida. Ga Carrera mai doki 231, wannan na nufin a sa mata katalis da sansa, a daidaita kwamfutarta da kayan tare tururin fetur, a biya dubban daloli, kuma babu tabbacin za ta wuce a karon farko. A ƙarshe mutum ya biya kuɗin 'yar Turai, ya biya kuɗin jirgi, ya sake biyan kuɗin mayar da ita kusan 'yar Amurka. Inda kawai nake ganin 'yar Turai ta dace a wannan jiha shi ne idan tsohuwar shigowa ce wadda aka riga aka halatta tun da, tana ɗauke da sitikar BAR, hukumar jihar mai kula da gwajin hayaƙi, a jikin ginshiƙin ƙofa, kuma kayan da sitikar ta lissafa suna nan cif.

'Yar Amurkan ma ba ta tsira daga bincike ba. Motocin fetur ƙirar 1975 zuwa ƙasa ne kaɗai aka yafe wa gwajin hayaƙi na bayan kowace shekara biyu. A da yafiyar tana tafiya da shekaru, duk motar da ta cika 30 sai ta fita, amma aka tsayar da wannan tsari a 2005, layin ya daskare a inda yake. Saboda haka 911S ta 1975 ba ta zuwa gwaji, ta 1976 mai irin injinta kuwa tana zuwa har gobe, SC da Carrera duka suna ciki. Gwajin kansa kashi uku ne. A yankunan da iska ta fi gurɓata ana ɗora tayoyin baya a kan wasu ƙarafa masu juyawa, a zura bututu a salansa, a auna hayaƙi a gudun mil 15 da mil 25 a sa'a. Ana duba taimin da murfin tanki. Sannan mai gwaji ya ɗauki tocila ya bi sitikar ɗakin injin layi-layi, yana neman kowane abu da idonsa. Wannan kashi na ƙarshe shi ne ke kayar da tsofaffin motocin gudu, domin ko hayaƙin ya fita tas, idan an cire katalis an sa miƙaƙƙen bututu, ko an sa wani kayan ƙarin ƙarfi da ba shi da lambar amincewar CARB, motar ta faɗi. Abu ɗaya da ke taimakon mai saye shi ne, a cinikin cikin jihar, mai sayarwa ne doka ta ɗora wa kawo takardar cin gwaji wadda ba ta wuce kwana 90 ba.

Game da C02 da C03 kuwa, kada a ɗauki abin da zafi. Tsohuwar motar da aka ƙera bisa ƙa'idar tarayya, wadda ta yi tafiyar da ta wuce mil 7,500, tana samun rajista a Kalifoniya idan ta ci gwaji bisa kayan da ta fito da su. Bambancin yana da nauyi ne a ƙirar 1975 zuwa 1979, inda kayan suka sha bamban.

Sauran jihohi sun fi sassauci nesa ba kusa ba. Wasu, irin su Florida da Michigan, ba sa gwajin hayaƙi ko kaɗan, da yawa kuma suna yafe wa tsofaffin motoci. Mai zama a can zai iya sayen 'yar Turai hankali kwance, sai dai ya sani cewa ranar da zai sayar, masu saye na Kalifoniya, waɗanda kasuwarsu babba ce ga irin wannan mota, za su ja da baya. Haka kuma dokar tarayya da ta haramta cire kayan tsabtace hayaƙi daga motar da ta fito da su tana nan a ko'ina, ko ana gwaji ko ba a yi.

Jamus da Birtaniya

A Jamus lissafin ya juya. Tun 1997 akwai lambar mota mai harafin H a ƙarshe, wadda ake ba motar da ta cika shekara 30, tana cikin kyakkyawan hali, kuma ba a canja mata kama ba. Mai binciken cibiyoyin duba motoci na TÜV ko DEKRA ne yake tabbatar da hakan. Mai wannan lamba harajinsa na shekara Yuro 191.73 ne komai girman injin, kuma yana shiga yankunan tsabtar iska na birane, waɗanda aka fara a Berlin da Kolon da Hanoba a farkon 2008, ba tare da koriyar sitikar da ake nema a jikin sauran motoci ba. Tunda Carrera ta ƙarshe ta 1989 ta cika 30 a 2019, duk motocin da muke magana a kansu sun cancanta, don haka rashin katalis ba ya cutar da 'yar Turai ko kaɗan, kuma a nan ita ce zaɓin da ya fi dacewa. Haɗarin yana ga motar da aka yi wa sauye-sauyen zamani har aka hana ta H. Mota marar katalis tana biyan Yuro 25.36 a kan kowane cc 100 na girman injin, wato Yuro 811.52 ga lita 3.2, kuma ba ta samun koriyar sitika, alhali mai matakin Euro 1 tana biyan 15.13. A irin wannan hali 'yar Amurka mai katalis da sansa ce take da mafita. Ba abin mamaki ba ne yadda ake ta dawo da 'yan Amurka Turai, musamman na busassun jihohi irin su Arizona da Kalifoniya waɗanda gishirin hunturu bai ci jikinsu ba, ga shi motar tarihi mai shekara 30 tana shiga Jamus ba kuɗin fito, sai harajin shigo da kaya na kashi 7 cikin 100.

Birtaniya shekara 40 take ƙirgawa. Tun watan Mayu na 2018 motar da ta kai wannan shekaru, wadda ba a yi mata babban sauyi ba, ba dole ba ne ta je gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, kuma idan ta shiga rukunin motocin tarihi ba ta biyan harajin hanya. Daga Afrilun 2025 rukunin ya haɗa da waɗanda aka ƙera kafin 1 ga Janairun 1985, yana kuma matsawa gaba kowace shekara. Ga waɗanda ba su kai ba, gwajin hayaƙin mai sauƙi ne: kabon monoksaid kada ya wuce kashi 4.5 cikin 100 ga motar da ta fara aiki daga Agustan 1975 zuwa Yulin 1986, ko 3.5 daga nan zuwa Yulin 1992, kuma ba a neman katalis. Matsalar tana Landan, inda tsarin rage hayaƙi na ULEZ da ya mamaye dukan birnin tun 29 ga Agustan 2023 yake cajin fam 12.50 a kowace ranar da aka fito da motar fetur da ba ta kai matakin Euro 4 ba. A nan katalis ɗin 1987 ba ya ceton kowa, 'yar Amurka da C16 duka biya suke yi har sai sun cika 40. Mazaunin Landan shekarar ƙira ya kamata ya duba, ba kayan hayaƙi ba, kuma SC ko Carrera ta farko-farko ta fi masa G50 sauƙi a aljihu.

Idan gida za a kawo ta

Wanda ke tunanin kawo irin wannan mota Najeriya, abin da zai fara cin karo da shi ba gwajin hayaƙi ba ne. Akwai dokar da ta ƙayyade shekarun motocin gwanjo da ake shigowa da su, wadda dole a warware ta da kwastam kafin a biya ko kwabo, kuma C16 ta fita daga lissafi tunda ba a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista. Bayan haka sai maganar mai. Fetur ɗin gidajen manmu bai kai oktan 98 ba, injin Carrera 3.2 kuma ba shi da sansar da ke jin ƙwanƙwasar fistin ta ja taimin baya, wannan sai a ƙirar 964 da ta biyo baya aka sa. Injin mai matsi 10.3 da iska ke sanyayawa, a zafin watan Afrilu, da fetur mai ƙarancin oktan, haɗi ne da ke iya ƙona fistin ba tare da direba ya ankara ba. 'Yar Amurka mai matsi 9.5 ta fi jure wannan nesa ba kusa ba. Tsoron da ake yi a da cewa dalma za ta kashe katalis ya kau, domin ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma tun farkon 2006. Abin da nake roƙo shi ne kada a bari bakanike ya fasa katalis ɗin da sunan buɗe wa mota numfashi, kamar yadda aka saba yi wa motocin Beljiyam. Ƙarfin da ake samu kaɗan ne, hayaƙin mu da 'ya'yanmu ne za mu shaƙa, kuma motar ta rasa abin da zai ba ta damar komawa kasuwar waje da daraja.

Wadda za a guje wa a ko'ina

Akwai mota ta uku da ta fi waɗannan biyun yawa a talla, ita ce wadda takardarta ke faɗin abu ɗaya jikinta na faɗin wani. Shasi na Amurka, amma an cire katalis, an canja kwamfuta, an sa fistin na Turai. Ko shasi na ZZZ da aka liƙa wa katalis na arha da walda a shekarun 1980 don ta wuce kwastam, wayoyin sansar suna reto ba a haɗe da komai ba. Irin wannan ba ta cin gwajin ido a Kalifoniya, tana iya rasa H a Jamus, kuma mayar da ita yadda take yana nufin farautar kayan da wasunsu an daina ƙerawa. Idan mai sayarwa ya ce tsofaffin kayan suna nan a kwali, a ce ya buɗe kwalin ya ɗauki hoto, gani ya kori ji, sannan a sa su cikin yarjejeniyar ciniki a rubuce.

Ɗan'uwana dai ya haƙura da doki 24 ɗin nan. Hoton takardar murfin 'yar Amurkan ya nuna C03, shasinta ya fara da WP0AB da F a gurbi na goma, lambar da ta fito bayan an goge baƙin mai kuma 930/21 ce. Da yake ba a cinikin biri a sama, ya tafi da kansa tare da wani bakanike da ya san waɗannan injuna, suka ɗaga motar, suka tarar da katalis ɗinta na asali a bayan tayar hagu da wayar sansa a haɗe. Abu ɗaya da ya ɓace shi ne sitikar hayaƙi ta ɗakin injin, wadda zafi ya cinye rubutunta, sai suka yi sharaɗi cewa mai motar ne zai nemo sabuwa mai daidai da shekarar, ya kai ta gwaji, ya kawo takardar ci kafin a tura masa ragowar kuɗinsa.